Kumburin pankireyas yana ta dawo wa maigidana, ina zan sa kaina?

Maman Ƴan Biyu: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya ishe ni. Maigidana yana fama da wani ciwo da ke tasowa daga ƙahon zuci ya ratsa har gadon baya. In ya motsa ba ya iya kwanciya rigingine, sai dai ya zauna ya duƙa ya rungume gwiwoyi, ga amai, ga zufa. Mun daɗe muna shan maganin olsa. Bayan Sallar layya ya tashi da wani irin da ban taɓa gani ba, muka kwashe shi cikin dare sai urjans, sashen gaggawa na asibiti. Aka ɗibi jini, dokter ya ce ba olsa ba ce, pankireyas ɗinsa ne ya kumbura. Aka kwantar da shi ana ta ɗaura serom har ya samu sauƙi. Ba a jima ba ciwon ya dawo, yanzu ma daga asibiti muka fito. An yi eko, wato hoton ciki, an ce ba a ga komai ba. Innarsu ta ce jifa ne daga abokan kasuwa. Wasu cikin dangi kuma, tun da suka ji dokter ya tambaye shi ko yana shan giya, sai ƙus-ƙus. Ban san abin da zan dafa ba, ban san wanda zan saurara ba. Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan ciwo ya taimake ni.

Anti Karkada: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Fada: Allah ya sawwaƙe. Amma Hajiya, gaskiya ɗaci gare ta. Akwai wani da muke zama fada ɗaya, irin wannan ciwon ne ya kwantar da shi, kuma kowa ya san abin da yake sha. Likita ba ya tambaya a banza.

Baba Majo: Yaro, kama bakinka. Baiwar Allah ta zo neman shawara, kai kana ƙara mata gishiri a miki. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, tambayar giya ko limamin Juma'a aka kawo da wannan ciwo sai an yi masa ita, don tana cikin manyan dalilai biyu. Ɗayan, wanda ya fi yawa a wurin mutanen da ba sa sha, shi ne tsakuwa a maɗaciya.

Ƴata, bari in yi miki bayani yadda za ki iya maimaita wa surukarki. Pankireyas wata tsoka ce da ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Aiki biyu take yi: tana fitar da insulin mai daidaita sukari a jini, tana kuma fitar da ruwan da ke narkar da nama da kitse. Wannan ruwa bai kamata ya fara aiki ba sai ya isa hanji. In ya fara tun yana ciki, sai ya shiga cin tsokar da ta yi shi, shi ne zafin da kike gani. Hanyar ruwan maɗaciya da ta pankireyas kuwa suna haɗewa kafin su faɗa hanji, kamar lunguna biyu na Birni da suka fita ta ƙofa ɗaya: in amalanke ta maƙale a bakin ƙofar, duk biyun sun toshe. Mutum ya ci abu mai maiƙo, maɗaciya ta matse, ƴar tsakuwa ta gangaro ta tsaya a nan. Shi ya sa da kika ce bayan layya ne ban yi mamaki ba.

Ɗan Fada: To Baba, ai ta ce an yi eko ba a ga tsakuwa ba. Me ya rage?

Ɗalibar Likita: Salam, ina karatu a Yamai amma ƴar Zango ce ni. Yaya, yaushe aka yi ekon? Yana tsakiyar ciwon ko bayan ya warware?

Maman Ƴan Biyu: Washegarin ranar da aka kwantar da shi, cikinsa ma a kumbure yake.

Ɗalibar Likita: To wannan ekon bai rufe magana ba. Lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa hanji yakan cika da iska, iskar kuma tana tare wa na'urar gani. Ku nemi a sake yi yanzu da ya lafa, ya je da safe bai ci komai ba, don maɗaciya ta cika a gan ta sosai. Kuma ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ba su kai milimita 5 ba, sun fi manya haɗari a wannan ciwo, don su ne ke iya shiga hanyar. Wani lokaci ma ba tsakuwa ba ce sosai, laka ce kawai ta taru.

Sai sauran abubuwan da ya kamata ki tambayi dokter ko an duba. Kitsen jini da ake kira tirigiliserid, in ya haura giram 10 a lita yana iya kumbura pankireyas shi kaɗai, kuma siririn mutum ma yana iya samunsa. Yawan kalsiyom a jini. Wasu magunguna, misali Depakine da ake ba masu farfaɗiya. Tsutsar ciki babba ma takan hau ta shiga hanyar maɗaciya. Akwai kuma na gado. In duk an duba ba a samu ba, shi dokter zai faɗi irin hoton da ya fi eko zurfi da inda za a yi shi. Ciwon da ke tafiya yana dawowa akwai abin da ke kiransa, shi ake nema.

Hajiya ta Birni: Ni dai duk wannan lissafi ban gane shi ba. Ƴata, ki samu zuma mai kyau da man zaitun da man habbatus sauda, cokali-cokali safe da yamma. Ki haɗa masa da jiƙon sabara. Iyayenmu da me suka rayu kafin a kawo eko?

Baba Majo: Hajiya, da girmanki, ban da man. Wannan tsokar mai ne babban abin da ke sa ta aiki. Ko na zaitun ne, ko na gyaɗa, ko man shanu, ita duk mai ne a wurinta. Mutumin da ya fito asibiti jiya a ɗura masa mai tsurarsa safe da yamma, ai an kira ciwon da hannu. Zumar ma a bari sai an auna sukarinsa.

Hajiya ta Birni: Wato abin da ya zo a sunna shi ne zai cutar da shi? Allah ya kyauta. Ku ƴan boko komai sai kun musa.

Malam na Garin Malam: Hajiya a yi haƙuri, ba musun sunna Majo ya yi ba. Abu yana iya zama mai albarka amma bai dace da wani mara lafiya a wani hali ba. Ruwan sanyi halal ne, amma wanda aka yi wa fiɗa yanzu ana hana shi. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman sanin cutar kuwa yana cikin neman maganin. Game da zancen jifa, a yi ta addu'a da azkar da tofi da ayoyin Alƙur'ani, babu mai hanawa, kuma ba sa hana zuwa asibiti. Abin da nake ja wa kunne shi ne ambaton sunan wani ɗan kasuwa a ce shi ya yi. Wannan zato ne, haka ma masu cewa yana shan giya ba tare da sun gani ba. Duk su ji tsoron Allah.

Ɗan Fada: Allah gafarta Malam, na ji. Maman Ƴan Biyu ki yafe ni.

Maman Ƴan Biyu: Ba komai ƙanena. Wallahi ban taɓa jin warin giya a jikinsa ba. Taba dai yana sha tun yana saurayi, wannan kowa ya sani.

Baba Majo: To ga shi nan! Dangi suna ta leƙen abin da babu, ga wanda ke fili a aljihun rigarsa ba wanda ya ce uffan. Taba tana ƙara yawan dawowar ciwon, tana gaggauta lalacewar tsokar, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar pankireyas. Ko an gano tsakuwa ko ba a gano ba, sigari ya ƙare.

Maman Ƴan Biyu: Baba, ni zan faɗa masa? Ai sai a ce na raina shi.

Baba Majo: Ba ke ba. Ranar randebu ki ja dokter gefe ki roƙe shi ya faɗa masa a gaban yayansa. Maganar da namiji ba zai karɓa daga matarsa ba, yakan karɓe ta daga mai farar riga.

Anti Karkada: Bari in shigo kan girki, don ni na yi jinyar mijina da rejim, na san wuyarsa. Kada ki bar shi da yunwa don tsoro, ramewa zai yi. Ki rage mai, ki raba abincin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon ya cika ciki sau biyu. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba laifi, a sa daddawa da kifi busasshe, mai ɗan kaɗan ko babu. Kaza a cire fatar a dafa. Nama jan zalla, a yanke kitsen, in ya huce a kwashe man da ya taso sama. Fura da nono tsala wanda aka kaɗe, ba kindirmo mai kauri ba. Koko ya fi kunun gyaɗa. Zogale a rage ƙuli. Ƙosai, fanke, alkaki, kilishi, kayan ciki, soyayyen naman layya da ake ajiyewa cikin kitse, duk a yi sallama da su tukuna.

Amma ƙanwata, tukunyarki ba ita ce matsalar ba. Matsalar tana ƙofar gida. Da magariba maza su fito da kwanoni a haɗa a ci tare, na gidan wane shinkafa ce tana ninƙaya a mai, na gidan wane taliya da soyayyen nama. Mijinki ba zai ce ni ga nawa daban ba, kunya ba za ta bar shi ba. A kasuwa kuma abokin ciniki ya aiko da tsire, ƙin ci ya zama wulaƙanci. Sai masu zuwa dubiya, kowace da kular farfesu mai na yawo a kai, ta zauna sai ta ga ya ci. Ke kina ta wahala da miya lami, shi yana dawowa da ciwo, a ce girkinki ne.

Maman Ƴan Biyu: Anti kamar kina gidanmu! Rumfarsa a Kasuwar Dole take, maƙwabcinsa mai balangu ne. Ran nan na ga takarda mai maiƙo a aljihunsa, na yi shiru na wanke rigar.

Anti Karkada: Abin da ya yi mini aiki, na daina yi masa tukunya daban. Gidan duka muka koma cin mai kaɗan, wanda ke so ya zuba yaji da mai a nasa kwanon. Kwanon da ke fita waje ma irin nasa ne, in ya sa hannu a na gidansa ba wanda zai ce komai. Masu dubiya kuwa sai in tarbe su tun a zaure in karɓi kular da godiya, in ce dokter ya hana, yara su cinye.

Malamin Lakwal: Ni a nan ban yarda da ku ba gaba ɗaya. Kuna maganar mutumin kamar yaron goye, a ɓoye masa wannan, a lallaɓa shi da wancan. Magidanci ne mai hankali. A zaunar da shi a gaya masa: ciwon nan galibi, kamar takwas cikin goma, yana lafawa cikin mako guda, amma ragowar yana iya taɓa ƙoda da huhu har ya kai ga rasa rai, kuma ba wanda ya san wane ne zai zo gaba. In ya ji haka shi da kansa zai ce wa mai balangu a'a. In matar ce za ta zama ɗan sanda a kansa, auren ne zai yi tsami.

Anti Karkada: Malam, ka taɓa jinyar namiji? Ranar da yake murƙususu zai rantse ya daina komai. In ya yi sati biyu garau sai ya ce ai ya warke.

Malamin Lakwal: Na yi jinyar mahaifina. Ranar da muka daina ɓoye masa sakamakon analiz ranar ya fara kiyayewa.

Baba Majo: Duk ku biyun kuna da gaskiya, a gaya masa komai, a kuma sauƙaƙa masa hanya. Mu wuce.

Mai Kabu-kabu: Tambaya gare ni. In ciwon ya taso da dare ba sai a ba shi tramol ya kwanta ba, da safe a tafi? Akwai mai ƙarfi wajen masu talla.

Baba Majo: Kul! Na farko, ba ka san abin da ke cikin na tallan ba. Na biyu, babban maganin wannan ciwo a sa'o'in farko ruwa ne ta jijiya, don jiki yana bushewa ta ciki, in an yi jinkiri ƙoda ce ke biya. Ka danne zafin ka kwana gida, ka ɓata lokacin da ya fi tsada. Na uku, mai ciwon da ke dawowa shi ya fi saurin kamuwa da jarabar tramol. Diklofenak da ibuprofen ma a kiyaye su ga mai amai da bushewar jiki. A asibiti za a ba shi maganin zafi mai ƙarfi bisa ƙa'ida. Ƴata, in ciwon ya taso da amai ku tafi kawai. In kuwa kika ga zazzaɓi, ko ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko fitsari ya ragu, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya fara sambatu, ko ƙarfe nawa ne kada ku jira asuba.

Ƙanwar Direba: Ina ta karantawa ban yi magana ba. Yayana haka ya fara, yana yi yana dawowa, yana kan hanya tsakanin Damagaram da Agadas ba ya zama a bincika. Yanzu tsokar ta ƙone, an ce ya zama na dindindin. Ya rame, bahayarsa mai maiƙo ce mai wari, ga ciwon sukari ya shigo har yana allurar insulin. In kuran ya ɗauke a gindin randa muke ajiye ta cikin jiƙaƙƙen yashi. An rubuta masa Creon ya riƙa haɗiya tare da abinci, ya fara murmurewa, sai wani ya karanta masa takardar ciki ya ce daga alade ake yi. Tun ranar ya ajiye. Malam, mene ne hukunci?

Ɗalibar Likita: Gaskiya ne, daga pankireyas ɗin alade ake samo shi, kuma sauran irinsa da ake rubutawa ma haka suke. Aikinsa ya maye gurbin ruwan narkar da abinci da jikinsa ya daina yi. In ya bari, abincin zai riƙa wucewa ne kawai, ramar ta ci gaba.

Malam na Garin Malam: Ayar da ta haramta naman alade a Baƙara, aya ta 173, ita ce kuma ta ce wanda larura ta tilasta, ba yana mai so ko ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa in likita amintacce ya tabbatar babu madadin halal, kuma barin maganin zai cutar, to ya halatta gwargwadon buƙata. Ya je da takardar wurin malamin da ya yarda da shi, su haɗa da bayanin likitan.

Hajiya ta Birni: Ni kam ko mutuwa zan yi ba zan haɗiyi alade ba.

Malam na Garin Malam: Wannan ke da ranki ne Hajiya, amma kada a ɗora wa mara lafiya abin da shari'a ta sauke masa.

Ƙanwar Direba: Na gode Malam. Maman Ƴan Biyu, don Allah kada ku bari ya kai inda namu ya kai. Sannan ke fa? Kowa na tambayar maigida, wa ke kama miki?

Maman Ƴan Biyu: Hmm. Ƴar'uwa kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ce kwana kan tabarma a asibiti, ni ce zuwa farmasi da ordonas, ni ce komawa gida in dafa in duba yara. In yana kwance rumfa a rufe, kuɗin adashina duk sun tafi. Ko tari ya yi da dare sai gabana ya faɗi. Wani lokaci har haushinsa nake ji, sai kuma in yi istigfari.

Ƙanwar Direba: Ba ke kaɗai ba ce, duk mai jinya ya san wannan haushin. Ki kira yayansa ku raba kwana tun yanzu da yake lafiya, kada a bari sai an kwanta. Namiji ma ya fi dacewa ya kwana da shi a ɗakin maza. Ki samu jaka ɗaya ki tara duk takardun analiz da eko da ordonas, ki ɗauki hotonsu a salula, don kowane zuwa ba lalle ku tarar da dokter ɗaya ba.

Malamin Lakwal: Kan kuɗi kuma, a watan Satumba na 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin ganin likita da analiz da hoto da fiɗa da rabi a asibitocinta. Ku riƙa biya a gishe kuna karɓar rasit.

Maman Ƴan Biyu: Salam ƴan'uwa, na dawo da labari. Mun sake eko da safe bai karya ba, kamar yadda ƙanwata ta Yamai ta ce. An ga ƙananan tsakuwoyi da yawa a maɗaciya. Kitsen jini da sukari lafiya lau. Dokter ya tura mu wurin likitan fiɗa, ya ce a cire maɗaciyar, kuma kada a ja lokaci. Zancen taba ma ya yi masa a gaban Yaya Babba, ya sunkuyar da kai. Masu ƙus-ƙus sun yi tsit. Sabuwar rigimar ita ce Inna ta ce ba za a yanka mata ɗa a cire masa wani abu ba, yaya mutum zai rayu ba maɗaciya? Shi kuma ba ya tsallake maganarta.

Baba Majo: Alhamdu lillahi, an kama ɓarawon. Ki gaya wa Inna hanta ce ke yin ruwan ɗacin, maɗaciya ajiya kawai take yi. In an cire ta ruwan zai riƙa sauka hanji kai tsaye. Wasu sukan yi ɗan gudawa na wani lokaci in sun ci mai, sai ya daidaita. Kuma kwashe tsakuwar a bar jakar ba ya yi, wasu za su sake taruwa. Haɗarin jira ya fi na aikin, don kowace tsakuwa da ke ciki tana iya gangarowa gobe.

Ɗan Mirya: Ni mahaifiyata an cire mata tata shekarun baya, ga ta nan tana azuminta, tana zuwa gona da damina. Tsoho ba ya jin maganar yaro a irin wannan, sai ta tsaransa. In kun yarda in kawo ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ta zauna da Inna su yi ta tsofaffi, ta nuna mata wurin ɗinkin da idonta.

Maman Ƴan Biyu: Wallahi da ka gama mini komai. Bari in fara shaida wa Yaya Babba don kada Inna ta ce ni na shirya. Zan turo maka kwatancen gidan ta akwatinka.

Ɗan Mirya: To madalla. Ki ce masa shi ya kira ni, sai ya zama daga wajensa gayyatar ta fito.